Injiniya Babakura da Baturan da Ba Sa Ƙoshi

Akwai wani mutum a Bolori, nan cikin Maiduguri, ana ce masa Injiniya Babakura. Kada ku tambaye ni makarantar da ta ba shi injiniyancin. Ni ma na taɓa tambaya, sai da ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Sana'arsa hayar lasifika. In za a yi suna, ko walima, ko taron makaranta, shi ake kira. Zai zo a Keke Napep da manyan akwatunan sautinsa, da makirfo mara waya guda biyu, irin wanda ake saka wa ƙananan batura masu caji. Aikin yana iyawa daidai gwargwado. Bakin ne dai ya fi aikin girma.

Kullum in ya zauna a teburin mai shayi na bakin titi, sai ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce, "Ni tunda nake, batir bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Kuma ba zai mutu ba."

Yakan ce Jamusawa ne suka koya masa sirrin batir, lokacin da ya yi aiki da su a bakin Tafkin Chadi. Wata rana kuma su zama 'yan Koriya. Shekarun aikin ma ba sa zama wuri ɗaya: bara uku ne, bana sun kai bakwai.

Sirrin kuwa shi ne wai batir kamar raƙumi yake. In ka bar shi ya sha kwana uku, zai yi maka tafiyar kwana tara. Masu cire batir daga caja don wai ya cika, a wurinsa jahilai ne masu rowar wuta. Shi nasa a cikin caja suke kwana, a ciki suke wuni, ba sa fita sai ranar aiki.

Abin da Injiniya bai sani ba shi ne, duk shekarun nan ba iliminsa ne yake tsare masa baturan ba. Rashin wuta ne. A kawo ta awa biyu, a ɗauke ta kwana biyu. Masu ɗauke wutar ne suke cire masa batir daga caji kyauta, shi kuma yana karɓar yabon.

To, a watan Afrilun bana, lokacin da zafin garin nan yake dafa ƙwai a kan bonet ɗin mota, Babakura ya sa sola a shagonsa. Shago ne na kwano, ba taga, ba silin. Tun daga ranar wuta ba ta sake yankewa a soket ɗinsa ba, dare da rana.

Don murnar sola, ya tafi layin masu kayan lantarki a kasuwa sayen sababbin batura, shagon wani Onyema. Shi Onyema ɗan kasuwa ne daga kudu maso gabas, shekararsa ashirin da shida a Maiduguri. Lokacin da gari ya rikice mutane suka yi ta loda kaya suna barinsa, shi bai je ko'ina ba. Matarsa Ogechukwu a nan aka haife ta, Kanuri a bakinta ya fi na wasu 'yan gari, kuma ita ke zama a bayan kanta tana gyaran tocila da fanka mai caji.

Onyema ya ba shi batura goma sha biyu masu kyau, sannan ya tambaye shi wace irin caja yake da ita. Da Babakura ya kwatanta masa, sai ya girgiza kai. Ya ce irin wannan tsohuwar ba ta san batir ya cika ba, tura wuta kawai take yi har sai an zare ta. Ya nuna masa wata sabuwa mai yanke wuta da kanta. Ya ce in ma ba zai saya ba, to ya riƙa duba agogo yana cire baturan, ya ajiye su inda ba zafi.

Babakura ya kalle shi sama da ƙasa.

"Onyema, ka sayar da kayanka ka yi shiru. Lokacin da nake buɗe cikin batir da hannuna, kai ko ƙwan fitila ba ka iya ɗaurawa ba."

"Injiniya, ni dai na faɗa maka."

"Ka faɗa wa irinka."

Ya kwashe baturansa ya fita. Da yamma ya ba majalisar shayi labarin yadda ya koya wa mai shago darasi a gaban matarsa.

Afrilu ya wuce, Mayu ya wuce. Baturan suna kwance cikin caja kashi-kashi, kowane kashi sai ya yi mako guda kafin a musanya shi da wani. Wata rana ya taɓa su ya ji kamar dankalin da aka ciro daga toka. Ya yi murmushi ya ce alamar ƙoshi ce. A wani suna a Galtimari makirfo ya fara shaƙewa tun liman bai shafa fatiha ba, ya ce iskar unguwar ce ba ta da kyau. Ledar jikin baturan ta fara yamutsewa, ya ce haka na asali suke yi in sun saba da mai su.

Sai ga watan Yuli, lokacin bikin yaye ɗalibai. Wannan shi ne kakar masu lasifika, don a mako uku ake samun abin da za a ci har ƙarshen damina. Babban aikin Babakura shi ne na wata makaranta mai zaman kanta a Mairi, ta wata mata da ake kira Madam Dorothy. Ita ce kuma ke jan ragamar ƙungiyar masu makarantu na yankin. Wanda ta yaba ya samu aiki, wanda ta kushe ya huta.

Ana gobe biki ta kira shi ta ce ya taho da makirfo mai waya ko da za a buƙata. Ya yi dariya ya ce waya ta masu koyo ce, shi ya wuce nan tun tana firamare.

Ranar biki aka kafa rumfuna, iyaye suka cika fili, hadimai suna ta raba ruwan leda. Madam Dorothy ta hau mumbari cikin leshi da ɗauri mai hawa uku. Ta gaida manyan baƙi, ta buɗe takardarta, ta kai layi na huɗu, sai makirfo ya ɗauke.

Babakura ya ruga ya miƙa mata na biyu. Wannan bai kai minti uku ba. Ya durƙusa a gaban jama'a yana zazzage jaka, yana saka batir yana cirewa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Kowane biyu ya saka, sai su yi tari sau ɗaya su mutu. Goma sha biyun nan kaf, ba wanda ya kai ta ƙarshen shafi.

Haka aka kira sunayen yara sittin da baki. Iyayen da ke baya ba su ji sunan 'ya'yansu ba, wasu suka tashi suna faɗa, wani uba ya tafi da kujerarsa a hannu don haushi. Muryar Madam Dorothy ta dushe tun kafin a zo rabon kyauta.

Da aka watse ta kira shi gefe. Da ragowar muryar da ta rage mata ta gaya masa cewa kafin magariba duk mai makaranta daga Mairi har Galtimari zai ji abin da ya yi mata.

A nan ne bakin Injiniya ya riga hankalinsa. Ya ce ba laifinsa ba ne, jabun batura aka sayar masa, kuma ya san wanda ya sayar. Ta ce to, ya kawo mata takarda daga shugabannin kasuwa cewa kayan jabu ne, ta ba shi kwana uku. In babu takarda, ya nemi wata sana'a.

Ya koma shago ya zauna ya zuba baturan a kan tebur. Ya ga yadda suka kumbura, ya ga wani farin gari a bakin wasu. Ya kalli cajar, ya ga robar gefenta ta lanƙwashe don zafi. Maganar Onyema ta dawo masa tiryan-tiryan. Ya sani. Wallahi ya sani sarai. Amma da ya auna tsakanin ya ce "na yi kuskure" da ya ƙona wani, sai ya ga na biyun ya fi sauƙin faɗa.

Washegari da hantsi ya dira a layin masu kayan lantarki. Bai shiga shagon ba, a tsakiyar layi ya tsaya ya watsa baturan a ƙasa. Mutumin da ya saba da lasifika, ko babu ita muryarsa ta isa. Ya ce Onyema macuci ne, ya ce kwalin ne kawai na asali, cikin yashi ne. Ya ce kowa ya koma gida ya duba abin da ya taɓa saya a shagon nan. Wata mata da ke cinikin fitila ta ajiye ta fita sumui-sumui.

Onyema ya fito a fusace. Ya ce shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa jifansa da wannan kalma. Suka yi ta musayar baƙaƙen maganganu har aka shiga tsakani. Daga nan Babakura ya wuce kai tsaye wurin shugaban layin ya shigar da ƙara.

Dokar layin nan kuwa kowa ya san ta. Wanda aka kama da jabu, ƙungiya za ta sa wa shagonsa kwaɗo wata uku, a kuma yi shelar sunansa layi-layi. Kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo daga wannan shelar ba. Wata ukun yakan zama har abada.

Shugaban, wani dattijo ne mai suna Ba Ajimi, mai sayar da wayar wuta, ba ya son dogon zance. Ya sa zama washegari bayan azahar, ya ce kowa ya zo da abin da yake da shi: Onyema da kwalayen kayansa, Babakura da baturan da cajar da yake amfani da ita.

Babakura ya ɗan yi tunanin aro caja mai kyau ya je da ita. Amma a wurin wa? Duk wanda zai tambaya ya taɓa zama a majalisa ya ji shi yana zagin irin waɗannan cajojin. Sai ya ɗauki tasa ya goge ta da tsumma da ɗan man gyaɗa har tana ƙyalli. A ransa ya ce roba ba ta magana.

Aka hallara a rumfar ƙungiya. An yi ruwa da safe, ƙasa a jiƙe, mutane sun cika har bakin kwata. Ba Ajimi ya zauna, ya ciro wani ƙaton kwaɗo daga aljihu ya ajiye a kan tebur, inda kowa zai gan shi. Onyema ya kalli kwaɗon sau ɗaya bai sake kallon wajen ba. Ogechukwu tana zaune a bayansa a kan benci, hannu a naɗe.

Babakura ya fara. Ya kawo Jamusawa, ya kawo Tafkin Chadi, shekarun aikin suka zama tara. Ya kwatanta kunyar da ya sha a Mairi har muryarsa tana rawa. Da ya ga jama'a suna gyaɗa kai sai ya ƙara wuta, ya fara cewa ai dama mutanen da suka zo daga nesa ba sa tausayin ɗan gari.

Ba Ajimi ya ɗaga hannu. "Babakura, batir ka kawo ƙara ko ƙabila? In ƙabila ce, ba a nan ake sayar da ita ba."

Babakura ya koma kan batir. Amma maganar ta riga ta shiga kunnen da take nema. Akwai mutum biyu-uku a layin da suka daɗe suna kwaɗayin shagon Onyema don yana bakin hanya, su ne suka fi kowa cewa a yi adalci.

Onyema ya nuna kwalayensa, ya nuna takardar inda ya sari kayan. Wani daga baya ya ce ai takarda ma ana yin jabunta. Ya ce ya sayar wa mutum sama da talatin irin baturan nan ba wanda ya dawo. Aka ce ƙila su ba su gane ba ne. Sannan ya ce ya gargaɗi Babakura da bakinsa kada ya riƙa barin su a caja.

Ba Ajimi ya juya. "An gaya maka haka?"

"Ko bai gaya mini ba, ni za a koya wa?" in ji Babakura. "Ba Ajimi, ni batir ɗina ba ya ƙara minti ɗaya a caja bayan ya cika. A gabanta nake zama. Fitilar tana ja, ina kallo. Da ta juya ta zama koriya, kafin ka ƙifta ido na zare."

Ya ji daɗin yadda maganar ta fito, sai ya ƙawata ta. Ya ce awa biyu da minti goma take ɗauka daidai. Ya ce koren shar yake kamar ganyen yakuwa. Ya ce akwai ranar da ya bar tuwo ya huce don kada koriyar ta kama ba ya wurin.

Mutanen majalisar shayi biyu suna cikin taron. Suka kalli juna, suka kalli ƙasa. Ba wanda yake son ya zama shi ne ya tsaya wa baƙo a kan ɗan unguwarsu.

Ba Ajimi ya miƙa hannu ya jawo kwaɗon kusa da shi.

Sai Ogechukwu ta miƙe. Ta gaida Ba Ajimi da Kanuri, ta russuna, ta nemi izinin ganin cajar. Aka miƙa mata. Ta juya ta gaba da baya, ta shinshina, ta goge man gyaɗan a gefen zaninta.

"Ya Babakura, wannan ce cajar? Ba wata?"

"Ita ce. Shekara shida tana hannuna."

"Kuma a jikinta kake ganin koren?"

"Madam, da Hausa na yi magana."

Ta ce to, ita ma tana sha'awar ta gani. Ta aika shago aka kawo batura huɗu da suka cika tun safe a caja mai yanke wuta. Ta ce tunda cikakku ne, ai ba sai an jira awa biyu da minti goma ba, koren zai fito nan da nan. Ba Ajimi ya ce a jona. Aka jona a soket ɗin rumfar, fitila ta kama ja.

Aka zuba ido. Minti goma, ja. Minti ashirin, ja. Babakura ya ce wutar rumfar ce ba ta da ƙarfi. Aka ce sola ce irin tasa. Ya ce hayaniyar mutane ma tana hana ta. Aka yi tsit. Aka kira la'asar, Ba Ajimi ya sa mutum biyu gadin cajar, ɗaya Musulmi ya ce zai bi jam'i na biyu, ɗaya Kirista, don kada a ce an taɓa.

A masallaci Injiniya ya daɗe a sujada fiye da kullum.

Aka dawo, fitila tana nan ja kamar gauta. Ba Ajimi ya sa yatsa a kan batir ɗaya, ya janye da sauri ya sa a baki.

Ogechukwu ta zare cajar daga wuta, ta ciro ƙaramin sukundireba daga gashinta, ta kwance bayan cikin natsuwa, kamar mai ɓare gyaɗa. Ta ɗaga ta zagaya da ita gaban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ƙwan fitila guda ɗaya ne tak a ciki, shi kansa gilashin jikinsa ja ne. Ko shekara za a yi ana jira, ba inda kore zai fito. A jikin murfin kuma ga rubutun masu ƙera ta, wanda zafi ya fara cinyewa, cewa a cire batir bayan awa takwas.

Ba Ajimi ya ɗauki kwaɗonsa ya mayar aljihu. Ya ce babu takardar da za ta fita daga rumfar nan, kuma gobe da hantsi Babakura zai tsaya a daidai inda ya watsa baturan, da wannan muryar tasa, ya janye abin da ya faɗa.

Kuna tsammani ya yi shiru? Ba ku san Injiniya ba. Ya gyara hula ya ce wallahi da can koriya ce, zafin Afrilun bana ne ya dafa ta ta koma ja.

Ogechukwu ta ajiye masa cajar a gabansa, da murfinta da ƙusoshinta huɗu.

"Ya Babakura, ai damina muke ciki. Komai na garin nan ya yi kore, har bakin kwata. Cajarka ce kaɗai ba ta ji labari ba."

Darasi: In batir ya cika, cire shi daga caja, musamman in cajar ba mai yanke wuta da kanta ba ce, kuma kada ka bar shi yana gasuwa a ɗakin kwano. Wutar da ta wuce ƙima ba ƙarfi take ƙara masa ba, kashe shi take yi. Sannan in ka yi kuskure, ka ce ka yi. Kada ka ɗora wa wanda ya ba ka shawara laifin ƙin jin shawararsa, don kana iya rufe masa hanyar abinci saboda kunyar yini ɗaya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman injiniyan da ke majalisarku. Kowace majalisa tana da nata.